Ɗalibi gaban majalisar horo: wa zai tsaya masa?

Kowace shekara, bayan fitowar sakamakon jarrabawar bak, ƴaƴan Matamaye da na ƙauyukan gundumar Kance sukan ɗaure kayansu su nufi jami'a: waɗansu Damagaram, waɗansu Maraɗi ko Yamai, waɗansu kuwa su ƙetara iyaka ta Ɗan Barto zuwa Katsina, Kano ko Zariya. Iyaye sukan yi musu nasiha a kan karatu, da gudun abokan banza, da tsimin ɗan abin da ke aljihu. Abin da ba a cika faɗa musu ba shi ne yadda za su yi ranar da aka liƙa sunansu a allo, aka ce su bayyana gaban majalisar horo. Ga abin da doka da tarihi suke cewa game da haƙƙin ɗalibi na kare kansa, a nan gida da kuma ƙetaren iyaka.

Takarda ɗaya, asarar gida guda

Duk wanda ya san ƙasar Matamaye ya san abin da ake kashewa kafin yaro ya taka ƙofar jami'a. Shekara goma sha uku ne daga ajin farko na firamare zuwa bak, in ba a maimaita aji ba. A cikin waɗannan shekaru an sayar da rake da gyaɗa, an kai akuya kasuwa, yaya da ke ci-rani a Kano ya aiko da abin da ya sawwaƙa, uwa ta fasa adashinta. Saboda haka ɗalibin da ya fito daga Dungu, ko Yawuri, ko Tsawni, ba kansa kaɗai yake wakilta ba. Jarin dangi ne gaba ɗaya yake ɗauke da shi.

To, wannan jari takarda ɗaya tana iya rushe shi. A jami'o'in da suka gaji tsarin Faransa, horo hawa-hawa ne: akwai gargaɗi, akwai zargi a rubuce, akwai soke jarrabawa, akwai dakatarwa ta ɗan lokaci, sannan akwai kora ta har abada. Wanda aka kora kuwa ba aji kaɗai ya rasa ba. Ɗakin kwana da tikitin abinci suna tafiya tare da katin ɗalibi, haka ma kuɗin tallafin karatu na hukumar ANAB. Sannan ga sunan da zai biyo shi har gida, domin a gari irin namu, inda kowa ya san kakan kowa, labarin kora yakan riga mai shi isowa tasha.

Laifuffukan da ake kai ɗalibi gaban majalisa a kansu sanannu ne: satar amsa a ɗakin jarrabawa, shiga da takardun jabu, kwafar aikin wani a kundin kammala karatu, duka ko zagin malami, fasa kayan jami'a, hana darasi lokacin yajin karatu, cin zarafin ɗalibai mata. A ƴan shekarun nan an sami ƙari, wato abin da ɗalibi ya rubuta a Facebook ko WhatsApp. Wannan na ƙarshe yana iya wuce harabar jami'a, domin Nijar tana da dokar laifuffukan intanet tun 2019, kuma a 2024 an maido da hukuncin ɗauri a kan zagi da ɓata suna ta wannan hanya, bayan an janye shi a 2022.

Babu mai hankalin da zai ce kada jami'a ta hori mai laifi. Digirin da aka samu da satar amsa zalunci ne ga wanda ya kwana yana karatu da fitilar hannu, kuma haɗari ne ga majinyacin da zai faɗa hannun likitan bogi. Tambayar da muke yi ta dabam ce: ta wace hanya ake tabbatar da cewa wanda aka hora shi ne ya aikata, kuma horon ya yi daidai da laifin?

Majalisar horo ba kotu ba ce, amma tana yanke hukunci

Majalisar horo ba ta ɗaure mutum, ba ta kai shi gidan kaso. Mafi yawan waɗanda ke zama a cikinta malamai ne da shugabannin tsangayoyi, ba alƙalai ba. Wannan shi ya sa mutane da yawa suke ɗaukar al'amarinta kamar na cikin gida, irin na uba da ɗa, inda ba a tsammanin yaro ya ɗaga kai balle ya zo da mai kare shi.

Amma a duba yadda zaman yake. A gefe ɗaya ga jami'a: ita ta rubuta dokar, ma'aikacinta ya kawo ƙara, malamanta ne shaidu, kuma su ne za su yanke. A ɗaya gefen ga yaro ɗan shekara ashirin, wanda faransanci ba harshen uwarsa ba ne, wanda aka tarbiyyantar da shi a kan cewa musu da babba rashin kunya ne, wanda kuma iyayensa suna can nesa, tafiyar kusan kilomita 900 in a Yamai yake. Sau da yawa shirun da ya yi don ladabi shi ake rubutawa a matsayin amsa laifi. Irin wannan rashin daidaito shi ya sa masana shari'a suka daɗe da cewa duk hukumar da ke da ikon raba mutum da hanyar cin abincinsa, ko ba a kira ta kotu ba, wajibi ne ta bi ƙa'idojin adalci na asali.

Daga zauren alƙali zuwa kotun Faris

Wannan ƙa'ida ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Malamanmu na zaure da suka karanta Tuhufa ta Ibn Asim, malamin Andalus da ya rasu a 1426, sun san abin da ake kira i'izari: kafin alƙali ya yanke, sai ya juya ga wanda hukunci zai faɗa a kansa, ya tambaye shi ko yana da sauran hujja, ya kuma ba shi wa'adin kawo ta. A kotunan shari'ar Musulunci na arewacin Najeriya, har yau kotun ɗaukaka ƙara takan rushe hukunci don kawai ba a yi i'izari ba. Haka kuma sananne ne a fiƙihu cewa nauyin kawo hujja yana kan mai ƙara. Bahaushe ya taƙaita duk wannan da cewa ba a yi wa mutum aski a bayan idonsa.

Dokar boko da muka gada ita ma ta iso wurin, ko da yake ta wata hanya. A Faransa, tun dokar 22 ga Afrilu 1905 ma'aikacin gwamnati yake da haƙƙin ganin dosiyensa kafin a hore shi. Sai dai shari'ar da ake koya wa kowane ɗalibin lauya ita ce ta wata gwauruwa mai suna Trompier-Gravier, mai sayar da jaridu a wata rumfa a birnin Faris. Hukuma ta janye mata izinin rumfar bisa zargin ta tatsi kuɗi daga mai tsare mata ita, ba tare da an ji ta bakinta ba. Ranar 5 ga Mayu 1944, babbar kotun da ke shari'ar hukumomi, wato Conseil d'État, ta soke wannan mataki, ta ce horo mai nauyi irin wannan ba ya halatta sai an ba mutum damar tattauna abin da ake tuhumarsa da shi. Bayan shekara shida, a 1950, a shari'ar wata mata mai suna Lamotte, kotun ta ƙara da cewa kowane mataki na hukuma ana iya kai ƙararsa don neman a soke shi, ko da babu wata doka da ta faɗi haka a fili. In mai rumfar jarida tana da wannan haƙƙi, yaya za a hana shi ga ɗalibin da ake shirin rufe wa ƙofar ilimi?

Ban da wannan, Nijar ta sa hannu a kan Yarjejeniyar Afirka ta Haƙƙin Ɗan Adam da Al'ummomi, wadda aka amince da ita a Nairobi a 1981. Aya ta 7 ta ba kowane mutum haƙƙin a saurari ƙararsa, da haƙƙin kare kansa, har da taimakon mai karewa da ya zaɓa. Aya ta 17 kuwa ta tabbatar da haƙƙin ilimi. An jingine kundin tsarin mulkin 2010 bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, amma ƙa'idar jin ta bakin wanda ake tuhuma ta girmi wannan kundi, ta girmi waɗanda suka gabace shi.

Darasin Maiduguri

Ga ƴaƴanmu da ke karatu a Najeriya, akwai shari'a ɗaya da ya kamata su riƙe sunanta. Ranar 2 ga Fabrairu 1983 tarzoma ta ɓarke a Jami'ar Maiduguri. An ƙone, an farfasa, an wawashe kaya, an ci zarafin mutane. Hukumar jami'a ta kafa kwamitin bincike, ta ɗora mataimakin shugaban jami'a a kansa, alhali shi kansa yana cikin waɗanda ɓarnar ta shafa. Bisa rahoton wannan kwamiti aka kori ɗalibai da dama.

Waɗansu daga cikinsu suka ƙi naɗe tabarma su koma gida. Suka sami marigayi Gani Fawehinmi, lauyan Legas da ya yi suna wajen tsaya wa ɗalibai da talakawa, suka shigar da ƙara. Babbar kotun Maiduguri ta ba su gaskiya, kotun ɗaukaka ƙara ta juya hukuncin, sannan a 1986 Kotun Ƙoli ta Najeriya ta yanke maganar a shari'ar da aka sani da sunan Garba da Jami'ar Maiduguri. Kotun ta rushe korar bisa dalilai biyu. Na farko, an saɓa wa haƙƙin sauraro na adalci da ke cikin aya ta 33 ta kundin tsarin mulkin 1979: ba a ba ɗaliban cikakkiyar damar fuskantar abin da aka faɗa a kansu ba, kuma wanda aka yi wa ɓarna ba zai zama alƙali a kan ƙarar kansa ba. Na biyu, abubuwan da aka tuhume su da su, irin su ƙone-ƙone da sata da duka, manyan laifuffuka ne da kotu kaɗai ke da ikon cewa wane ya aikata su.

A lura da kyau: kotun ba ta ce ɗaliban ba su yi laifi ba. Cewa ta yi hanyar da aka bi ba ta iya tabbatar da laifin kowa. Wannan hukunci bai yi wa shugabannin jami'o'i daɗi ba, domin sun ga kamar an ɗaure musu hannu, kuma daga baya kotun ta ɗan sassauta: a 2004, a shari'ar Esiaga da Jami'ar Kalaba, ta nuna cewa jami'a tana iya dakatar da ɗalibi na ɗan lokaci don kiyaye zaman lafiya kafin a kammala bincike. Duk da haka tushen maganar yana nan, kuma lauyoyin ɗalibai suna dogara da shi har gobe.

Ko a Amurka sai da aka kai ga kotu kafin a yarda da wannan. A 1960 kwalejin gwamnati ta baƙar fata a jihar Alabama ta kori ɗalibanta saboda sun zauna a wurin cin abincin da aka keɓe wa farar fata, ba tare da an ko faɗa musu laifinsu ba. A 1961, a shari'ar Dixon, kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta ce makarantar gwamnati ba ta korar ɗalibi sai ta sanar da shi tuhuma, ta kuma saurare shi.

In ba a yi shari'a a zaure ba, sai a yi ta a titi

A shekarar da Kotun Ƙoli ta yanke shari'ar Maiduguri, Zariya ta nuna ɗaya fuskar al'amarin. A watan Afrilu 1986 ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello suka yi jerin gwano don tunawa da ƴan uwansu da aka kashe a rikicin 1978, suka ratsa ta gidan kwanan mata na Amina, abin da dokar jami'a ta hana. Hukumar jami'a, ƙarƙashin Farfesa Ango Abdullahi, ta hori shugabannin ƙungiyar ɗalibai da kora da dakatarwa. Ɗalibai suka tayar, aka kira ƴan sanda, ranar 23 ga Mayu aka buɗe wuta. Gwamnati ta ce mutum huɗu suka mutu, rikicin ya bazu zuwa sauran jami'o'in ƙasar, har sai da aka kafa kwamitin bincike ƙarƙashin Janar Emmanuel Abisoye. Maganar da ta faro daga takardar horo ta ƙare a maƙabarta.

Mu ma a nan gida muna da namu. Ba wanda ya manta da 9 ga Fabrairu 1990, ranar da aka harbe ɗalibai uku a gadar Kenedi: Alio Nahantchi, Issaka Kaïné da Abdou Mamane Saguirou. Jininsu yana cikin abin da ya buɗe hanyar Babban Taron Ƙasa na 1991, wanda Farfesa André Salifou ya shugabanta, shi da jami'ar Damagaram ke ɗauke da sunansa a yau. Tun daga lokacin ƙungiyar USN, wadda aka kafa a 1960, ta zama murya mai nauyi a siyasar ƙasa. Wannan nauyi alheri ne, amma yana da farashi: kowace rigima tsakanin ɗalibi da malami tana saurin zama gwajin ƙarfi tsakanin ƙungiyoyi biyu.

Abin da ya faru ke nan a 2018 a Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, ƙasa da shekara guda bayan rasuwar ɗalibi Mala Bagalé a zanga-zangar 10 ga Afrilu 2017. Ranar 7 ga Fabrairu 2018 aka yi arangama tsakanin wani malami da ƴan CASO, wato kwamitin ɗalibai mai kula da jin daɗi da oda a harabar jami'a. Malamai suka ce duka ne da cin mutunci. Ɗalibai suka ce ƴar hatsaniya ce. Ranar 20 ga wata ƙungiyar malamai ta SNECS ta shiga yajin aiki, tana neman a kori masu hannu a ciki, a kuma rushe CASO. A watan Maris aka kori shugabannin ɗalibai biyar, malamai suka koma aji. Sai ɗalibai su ma suka fita, suna neman a maido da ƴan uwansu, har aka yi taho-mu-gama da jami'an tsaro a watan Afrilu, gwamnati ta rufe harabar jami'a.

Ba aikin jarida ba ne ta ce wane ne mai gaskiya a ranar 7 ga Fabrairu. Malamin da aka taɓa yana da haƙƙin a bi masa kadi, kuma jami'ar da malami ke tsoron ɗalibinsa ta tashi daga jami'a. Amma hukuncin da ya fito a tsakiyar yajin aiki, alhali korar tana cikin sharuɗɗan janye yajin, da wuya ɓangaren da ya sha kaye ya karɓe shi a matsayin shari'a; ciniki zai ɗauke shi, ko da kuwa an bi kowace ƙa'ida. Wanda ya biya kuɗin wannan ciniki kuwa shi ne ɗalibin da bai san hawa ba bai san sauka ba, wanda aka ce ya fice daga ɗakinsa, ya nemi kuɗin motar komawa Matamaye, ya zauna yana ƙirga watannin da suka salwanta.

Gaskiya kuma ɗaya ce: idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. An sha zargin ƴan CASO da yanke wa ƴan uwansu ɗalibai hukunci da bulala, babu sammaci, babu shaida, babu ɗaukaka ƙara. Ƙungiyar da ke neman a saurari shugabanninta kafin a kore su, wajibi ne ita ma ta saurari ƙaramin ɗalibi kafin ta ɗaga masa hannu.

Ina aboka?

A takarda, hanyoyin kariya suna nan. Dokar ƙungiyar UEMOA ta 2014 game da aikin aboka, wato lauya, ta ba shi ikon tsaya wa mutum tun daga lokacin da aka kama shi, a ofishin ƴan sanda ko na jandarma. Wannan yana da muhimmanci ga ɗalibi, domin sau da yawa tuhuma ɗaya takan bi hanya biyu a lokaci guda, ta jami'a da ta kotu, kuma abin da ya sa wa hannu a daren farko yana iya bin sa ko'ina. Haka kuma tun dokar Disamba 2011 akwai hukumar ANAJJ, wadda aka kafa don ba marasa hali shawara da tallafin shari'a, tana da ofisoshi a manyan kotunan jihohi. Akwai kuma ƙungiyoyi irin su ANDDH, mai kare haƙƙin ɗan Adam tun 1991.

A aikace, labarin ya bambanta. Mafi yawan abokan Nijar a Yamai suke zaune. Jami'o'i kuwa sun bazu: an kafa na Damagaram, Maraɗi da Tawa a 2010, sannan na Agadas, Difa, Doso da Tilaberi a 2014. An kai jami'a kusa da talaka, amma ba a kai masa mai kare shi ba. Manomin da zai ɗauko aboka daga babban birni sai ya biya kuɗin aiki, da na mota, da na masauki, abin da yake iya cinye amfanin gonar shekara. Kotun da ke duba matakan hukumomi a matakin ƙoli ita ma a Yamai take. Tun 2023 aikin Conseil d'État ya koma hannun sabuwar Kotun Ƙasa, wato Cour d'État. Sannan shari'ar irin wannan tana ɗaukar lokaci, shekarar karatu kuwa ba ta jira.

Shi ya sa iyaye suka fi bin hanyar da suka sani: a nemi wani babba ɗan gari, ko ɗan majalisa na da, ko basarake, ya je ya ba da haƙuri. Biko al'ada ce mai kyau, kuma ta ceci yara da yawa. Sai dai tana da illa biyu. Ta farko, mai ba da haƙuri ya riga ya amsa laifi, ko da yaron bai yi ba. Ta biyu, wanda ba shi da kowa a sama ba shi da mai yi masa biko. Ɗan mai hali ya tsira ta hanyar sanayya, ɗan talaka ya tafi da tabo, alhali wataƙila laifinsu ɗaya.

Abin da ɗalibi da iyayensa ya kamata su riƙe

Wanda aka kira gaban majalisa, abu na farko shi ne ya nemi tuhumar a rubuce: me aka ce ya yi, yaushe, a ina, kuma wace aya ta dokar jami'a ya taka. Ya nemi kofin dokar cikin gida ya karanta ta da kansa, domin a nan ne aka faɗi waɗanda ke zama a majalisar, da wa'adin sammaci, da ko yana iya zuwa da mai taimaka masa. Ya rubuta takarda yana neman ganin dosiyensa, har da rahoton mai tsaron jarrabawa ko na mai ƙara, ya ajiye kofin takardar da hatimin ofishin da ya karɓa. In an kira shi yau aka ce gobe ne zama, ya nemi a ƙara masa lokaci, shi ma a rubuce.

Kada ya sa hannu a kan abin da bai karanta ba, ko abin da bai gane ba, komai matsin da aka yi masa. Kada kuma ya ƙi zuwa don fushi ko tsoro, domin wanda aka kira bisa ƙa'ida ya ƙi halarta ana iya yanke masa hukunci ba ya nan. Ya tafi da bayaninsa a rubuce, da sunayen shaidunsa, ya nemi a haɗa su cikin dosiye. In ya ga mai ƙararsa yana zaune cikin masu yanke hukunci, ya faɗa cikin ladabi, ya nemi a rubuta cewa ya faɗa. Ladabi da kare kai ba kishiyoyi ba ne. In kuwa ya san ya aikata, faɗin gaskiya da bayyana halin da ya kai shi yakan sa a sassauta, kuma yana da haƙƙin neman horon ya yi daidai da laifin.

Bayan hukunci, ya nemi a ba shi takardarsa mai ɗauke da kwanan wata da dalilai. Sunan da aka liƙa a allo ko aka ji a bakin abokai bai wadatar ba. Bisa tsarin da aka daɗe ana bi a Nijar, kafin a je kotu sai an fara rubuta wa wanda ya ɗauki matakin, ko na sama da shi, ana neman ya sake dubawa. Wa'adin yin haka gajere ne, kuma yana fara gudu daga ranar da aka sanar da mutum. Nan ne iyaye suka fi yin asara: a yi ta zarya wajen manya ana biko, wa'adi ya cika, ƙofar kotu ta rufe. A yi bikon, amma a ajiye takarda tun ranar farko, a kuma tuntuɓi masanin doka cikin kwanakin nan ba da jinkiri ba.

Waɗannan haƙƙoƙi ba na wanda ake tuhuma kaɗai ba ne. Ɗalibar da ta kai ƙarar wanda ya ci zarafinta, ɗalibi ne ko malami, ita ma tana bukatar mai tsaya mata, da zaman da za a saurare ta ba tare da an tozarta ta ba, da tabbacin cewa makinta ba zai biya kuɗin ƙarar da ta kai ba.

Gyaran da ba ya bukatar miliyoyi

Mafi yawan abin da ake bukata ba ya cin kuɗi. Kowace jami'a tana iya miƙa wa sabon ɗalibi dokar horo ranar da ya yi rajista, a kuma yi masa bayaninta. Tana iya rubutawa a fili cewa wanda ake tuhuma yana da damar zuwa da mai karewa da ya zaɓa, aboka ne, ko malami, ko ɗalibi ɗan uwansa. Cewa wakilan ɗalibai suna da kujera a majalisar. Cewa wanda abin ya shafa ba ya zama cikin masu hukunci. Tsangayoyin shari'a na Yamai da Tawa suna iya buɗe teburin shawara inda manyan ɗalibai, ƙarƙashin kulawar malamansu, za su taimaka wa ƙannensu rubuta takardun kariya. Su sami horaswa, waɗancan su sami mafita. Ƙungiyoyin ɗalibai ƴan asalin gundumarmu, waɗanda suka iya shirya wasan ƙwallo da darussan hutu, suna iya ware asusu kaɗan da lambar masanin doka ɗaya domin ranar da ba a fata.

Shugabannin jami'a su ma riba za su ci. Hukuncin da aka yanke bayan an ji kowane ɓangare, aka rubuta dalilansa, shi ne wanda ke tsayawa gaban kotu, shi ne kuma wanda ke da wuyar mayarwa dalilin yajin karatu. Jami'ar Maiduguri ta yi shekara uku tana shari'a, ta ƙare ba ta tabbatar da laifin waɗanda suka kai ta ƙara ba, saboda gaggawar ƴan makonni.

Jami'a ita ce ke yaye alƙalai da komishinonin ƴan sanda da kantomomin gobe. Abin da ɗalibi ya gani ranar da aka gurfanar da shi, ko aka gurfanar da abokin ɗakinsa, shi zai ɗauka a matsayin yadda ake riƙe iko. In ya ga an tambayi wanda ake tuhuma ko yana da sauran hujja, wata rana shi ma zai tambayi manomin da aka kawo gabansa a Matamaye. In bai gani ba, kada mu yi mamakin abin da zai dawo mana da shi gida.